Merlin Ba Maye Ba Ne

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa 'ya'yanta sun kalli katun ɗin nan na kamfanin Disney, The Sword in the Stone, wanda ya fito a 1963, labarin yaro Arthur da ya zare takobi daga dutse ya zama sarkin Ingila. Da ƙaramarsu ta tambayi ko wane ne tsohon nan mai dogon gemu, Merlin, sai yayanta ya ce maye ne. Ta ce: Malam, haka ne?

Hajiya, ba haka ba ne, kuma wannan kuskure ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Masu fassara sun ɗauki kalmar Turanci wizard sun liƙa mata "maye", shi ke nan kowa ya bi. To maye a wurin Bahaushe mutum ne mai kama kurwar ɗan'uwansa, ya bar shi yana ramewa har ya mutu. Shi ya sa ake cewa "kurwata kur", kuma shi ya sa ake cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. Maita ɓoye ta ake yi, abin kunya ce a dangi, har aure tana hanawa. Yanzu ki dubi Merlin. Tsoho ne da ya ɗauki maraya yana koya masa karatu, ya mayar da shi kifi, ya mayar da shi kurege, ya mayar da shi tsuntsu, don yaron ya gane cewa dabara ta fi ƙarfi. Wace uwa ce za ta miƙa wa maye ɗanta ya karantar?

"Boka" ma bai zauna daidai ba, don asalin boka mai magani ne, na saiwa da sassaƙe, ko da yake finafinanmu sun mayar da shi mai jan ƙyalle da ƙwarya a kogon dutse. "Matsafi" ya matso kusa, amma tsafi yana tafe da yanka da bautar wani abu, tsafi gaskiyar mai shi. Ni dai kalmar da nake so ita ce hatsabibi: mutumin da ya san asiri, yake rikiɗa, ba a iya masa. Yau an rage wa kalmar daraja, yaro ya haura katanga sai a ce hatsabibi ne, amma tsohuwar ma'anarta tana nan. Ki tuna wurin da Merlin ya kara da Mim, tsohuwar nan mai sihiri ta cikin katun ɗin, kowa yana rikiɗa zuwa dabba, ita ta zama ƙaton dodo mai feshin wuta, shi kuwa ya zama ƙwayar cuta ya kwantar da ita. Wannan hatsabibanci ne tsantsa. Sunan nasa ma tsoho ne: daga sunan Myrddin na mutanen Wales, wani yanki na Birtaniya, ya samo asali, kuma marubuci Geoffrey na Monmouth ne ya yaɗa shi a littafinsa na tarihin sarakunan Birtaniya wajen 1136. In kina son mai sauƙi ga yara, ki ce mai sihiri, ba laifi.

Wani ɗalibi ya tambaya: yaron cire takobin ya yi daga dutse ko zarewa?

Zarewa. Ana cire takalmi, ana zare takobi, ko daga kube ko daga dutse.

Wani kuma ya ce me za a kira mahayan da ke zama da Sarki Arthur a teburinsa mai da'ira?

Barade. Barde mayaƙi ne na kan doki, kuma kayansu duk muna da sunayensu: sulke, kwalkwali, garkuwa, mashi. Don Allah a daina ce musu "sojoji", ba bariki suke ba.

Wata malamar firamare tana neman karin maganar da za ta rufe labarin da ita a aji. Malama, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Yaron wanke-wanke ne a gidan da ya tashi, ƙarti sun ja takobin sun kasa, shi ya taɓa ya fito.

Ta ƙara da cewa ɗalibanta sun yi mamakin ganin mujiyar Merlin tana koyar da karatu a katun ɗin. Suna da gaskiya. Turawa sun gaji ɗaukar mujiya a matsayin tsuntsuwar hikima tun daga Girkawan da, shi ya sa ta Merlin take da suna Archimedes, sunan masanin lissafi. Mu kuwa in aka ce an mayar da mutum mujiya, ana nufin kowa ya tsane shi, ya fito a yi masa ca. Ki bar ta a mujiyarta, ki yi musu bayanin bambancin.