Tambayoyinku: Kwana ukku a Italiya, mi zan ci ban ci alade ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata fata ce, jar akuya muke saye muna kaiwa majema, kuma watan tara mai zuwa in sha Allahu zan tahi Milan wurin baje kolin fata na Lineapelle, in an ƙare ina da kwana ukku kahin in dawo. Ɗana ya ce in zaga Milan da Benis da Roma duka tunda na riga na samu biza. Amma ni abin da ad dame ni abinci ne, an ce min komi nasu da alade ciki ko giya. Mi zan yi? Daga wani Alhaji, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji, ranka shi daɗe. Ka yi haƙuri da shawarar yaro, gari ukku a kwana ukku ai tashar jirgin ƙasa kawai za ka gani. Ka ɗauki Roma ita kaɗai. Daga Milan jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, wajen awa 3 ne ya sauke ka a tashar Termini, kuma in ka yanki tikiti da wuri ya fi araha sosai.

Toh batun abinci, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba amma ya ƙara gishiri. Matsalar ita ce ba za ka ga an rubuta alade ɓaro-ɓaro a takardar abinci ba, kowane yanki na jikinsa da sunansa daban, don haka ka rubuta waɗannan a waya ka haddace su kamar karatun allo: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, mortadella, sai lardo da strutto waɗanda kitsensa ne, kuma shi strutto ɗin har cikin wasu burodi da kayan maƙulashe ake sa shi. Taliyar da Roma ta fi suna da ita, carbonara da amatriciana da gricia, duka da kumatun alade ake yinsu, kada ƙamshi ya ja ka. Wadda za ka iya ci ita ce cacio e pepe, cuku ne da masoro kawai, ko taliya da tumatir, ko ta kifi. Amma ta kifin da shinkafarsu risotto ka tambaya tukuna don sau da yawa suna ɗiga farar giya wajen dahuwa. Kalma biyu sun ishe ka: "senza maiale" ba alade, "senza vino" ba giya. Fiza kuwa margherita ko marinara lafiya lau, a Roma ma yanka ta suke su auna a sikeli ka biya iya abin da ka nuna da hannu, kamar dai kana gaban mai kilishi.

In nama ne ranka yake so, ka sauko unguwar Esquilino kusa da Termini, akwai kasuwa da mahauta na halal da gidajen abincin 'yan Bangaladash da Larabawa, har kayan miyar Afirka za ka samu. Ni dai da zan je da yajina a jaka zan tafi, don abincinsu wallahi salam yake ga bakin da ya saba da attarugu.

Abin sha ba ka da damuwa. Akwai famfunan titi da suke kira nasoni ko'ina a gari, ruwa mai sanyi kyauta, ka riƙe gorarka kawai. Kofi in ka sha a tsaye gaban kanta ya fi sauƙin kuɗi, in ka zauna a teburi musamman wuraren baƙi kuɗin sai ya ninka, kuma ɗan kofin nan nasu kurɓa biyu ne ya ƙare, kada ka zaci mai shayin bakin Kanwuri ne zai cika maka moɗa. Kayan zaƙin nan nasu tiramisu da wasu kalolin askirim ɗinsu ana sa giya, tambaya dai.

Yawo kuma, rana ɗaya ta tafi a Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da kangayen da ke gefensa, ginin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ka sayi tikiti ta intanet kafin ka isa in ba haka ba layi zai cinye maka hantsi. Rana ta biyu da ƙafa, tsohon ginin bauta na Pantheon da maɓuɓɓugar Trevi ba nisa tsakaninsu. In Juma'a ta riske ka can, babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana arewacin gari, ɗaya ne daga cikin mafi girma a Turai, kuma bayan salla ana kasa abinci a bakinsa. Aljihun babbar riga kam ba wurin ajiye fasfo ba ne a cikin bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, 'yan sanen can ba su da tausayi.

TAMBAYA: Malam ni da maigidana za mu je, gaskiya ne ba a samun abincin dare da wuri? Daga wata Hajiya, Tudun Wada.

AMSA: Gaskiya ne Hajiya. Gidajen abinci da yawa suna rufe kicin wajen ukku na rana, sai bakwai ko bakwai da rabi su sake buɗewa, mutanen gari kuma sai takwas suke fara zama. In kin ga an ƙara kuɗi a rasit da sunan coperto (kuɗin zama a teburi) ko na burodi, a yawancin garuruwan Italiya ba cuta ba ce, al'adarsu ce, amma ki duba takardar abinci tun farko don ya kamata a rubuta shi a jiki.