Wayar Da Ba Ta Sallama: Amsoshin Tambayoyin Ma'aikatan Lafiyar Dabbobi

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon yawancinsu daga ɓangare guda suka fito, wato 'yan'uwanmu masu duba lafiyar dabbobi a nan Sakkwato da kewaye. Garin da ke da kasuwar Kara, ga kasuwannin dabbobi na Achida da Illela, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba zai rasa masu wannan sana'a ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kowannensu da waya ya fara kukansa. Ni likitan mutane ne, ban san maganin sammore ba, amma mai riƙe da sirinjin, wannan nawa ne.

Tambaya: Likita, wanga abu ya kai ni maƙura. Shekarata 9 ina aikin dabbobi, lambata ta bazu tun daga masu kiwon gida har Fulanin ruga. Ƙarfe 2 na dare sai a kira ni wai tunkiya ta ƙi cin dussa. Wani kuma hoton kashin saniya zai turo mani ina cikin cin tuwo. In Babbar Sallah ta matso, ba a magana. Yanzu ko an ƙyale ni ba ni iya barci, sai latse-latse har kusan assalatu. Ka rubuta mani maganin barci. Daga wani likitan dabbobi, Mabera.

Amsa: Abokin aiki, ba zan rubuta maka ba, kuma don Allah kada ka rubuta wa kanka, don na san hannunka yana kaiwa inda na wasu ba ya kaiwa. Ƙwayoyi irin su diazepam jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, ka wayi gari da matsala biyu maimakon ɗaya.

Kakanninmu da suka yi wa gida zaure sun san abin da suke yi. Baƙo komai girman rawaninsa a nan yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya fito ya ce ana zuwa, ko ya ce maigida ya kwanta. Kai waya ta rushe maka zaure. Duk mai katin naira 100 yana iya faɗowa har ƙuryar ɗakinka, ya tsaya a kan matashin kanka.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Duhu ne ke sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi, hasken waya a dab da ido kuma yana jinkirta fitowarsa. Sai dai a ganina haske ƙaramin mai laifi ne. Babban shi ne abin da ke cikin saƙon. Kana karanta cewa bijimin Alhaji ya kwanta ya ƙi tashi, kanka ya hau lissafi, wace allura, nawa za a ba shi, in ya mutu me za a ce. Wanda ke sauraron kira kuwa, ko ba a kira shi ba, barcin maigadi yake yi, ido ɗaya a buɗe. Mun ɗanɗana wannan a shekarun da muke kwana asibiti, har yau in na ji irin ƙarar wayar da nake riƙewa a lokacin sai gabana ya faɗi.

To, ka sake gina zauren. Ka sayi 'yar Nokia mai tocila da sabon layi, na gaggawa kaɗai. Babbar wayar ta kwana a falo wurin caji tun daga bayan isha'i, in ya yi wuya awa 1 kafin ka kwanta. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsawa da kansa in ba ka kusa, amma da yawa daga cikin mutanenka murya suke turowa, ba su karanta rubutu. Don haka da rana, kana tsaye a garke, ka gaya musu da bakinka abin da ake tashin likita a kansa: naƙudar da ta tsaya, cikin da ya kumbura kamar ganga, jinin da ya ƙi tsayawa, dabbar da ta ci guba. Ka fi ni sanin sauran. Ƙin cin dussa zai iya jiran safiya.

Na san inda gizo ke saƙar, wato kunya. Yaya za a yi sarkin shanu ya kira ka ƙi ɗauka? Maganin wannan karɓa-karɓa. Ku 3 ko 4 ku raba dararen mako, 'yar wayar nan ta riƙa zagayawa tsakaninku. Abin da ke hana wannan tsari yawanci tsoron kada abokin aiki ya ƙwace maka mutane ne, amma likitan da ya kwana uku bai runtsa ba shi ne mai kuskuren awon allura, kuma kuskure ya fi kowane abokin aiki saurin korar mutane.

Goro da shayi da Nescafé kuma a sallame su daga la'asar, don awa 5 bayan an sha kusan rabin sinadarin da ke hana barci yana nan cikin jini. In ka yi wata guda a haka ba sauyi, ko uwargida ta ce kana minshari har numfashi na ɗaukewa, ka zo a duba ka.

Tambaya: Ina bisa babur zuwa ruga sai in ji waya na motsi cikin aljihu, in tsaya in duba, ba kowa. Mi ne ne wanga, ko shafar iska ce? Daga mai yi wa dabbobi rigakafi, Gwadabawa.

Amsa: Ba iska ba ce, ɗan'uwa, kuma ba kai kaɗai ba ne, ma'aikatan asibiti da yawa suna jin haka. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana dakon kira takan ɗauki gogar tufa ko girgizar babur a matsayin motsin waya. Ka mayar da ita ƙara maimakon motsi, ka fitar da ita daga aljihu ka sa a jaka. Madalla da ka ce tsayawa kake yi kafin ka duba.

Tambaya: Likita, ni mace ce, gonakin kaji nike dubawa. Wata 2 da sunka wuce kajin wani sunka mutu bayan na yi musu rigakafi, sai ya sa sunana a Facebook wai ni na kashe su. Tun ranar kullum sai na koma na karanta abin da mutane ka faɗi. Na rame, ba ni jin daɗin komi, in gari ya waye ba ni son fita aiki, ga kuka ba dalili. Daga wata likitar dabbobi, Arkilla.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu. Kin yi daidai da kika yi magana. Mutumin nan sau ɗaya ya rubuta abinsa, ke kuma kullum sai kin koma kin sosa gyambon, ina zai warke? Ki cire Facebook daga wayarki na mako 2. Kafin nan ki sa wani amintacce ya ɗauki hoton rubutun ya adana, ki kai maganar ga reshen ƙungiyarku ta likitocin dabbobi, su san yadda za su bi ta. Kada ki mayar da martani da kanki, balle da dare.

Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da kika lissafa ya wuce gajiyar aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki mai tsanani da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Wannan a wurin aiki take tsayawa. Wanda ya bi ki har gida, ya hana ki ci, ya ɗauke miki daɗin komai fiye da mako 2, ya fi kama da ciwon damuwa, kuma ajiye waya kaɗai ba ya warkar da shi. Sana'arku tana da wannan nauyin. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2019, kan likitocin dabbobi fiye da 11,000 da suka rasu tsakanin 1979 da 2015, ya nuna kashe kai ya fi yawa a cikinsu a kan sauran jama'a, musamman mata. Lissafin Amurka ne, na kawo shi ne don kada wani ya ce miki raki kike yi.

Ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan Kware, amma da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida a ranar. Ki ci gaba da addu'a, ki haɗa da magani. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, yau ɗin nan ki gaya wa mijinki ko mahaifiyarki, ki miƙa wa abokin aiki makullin ma'ajiyar magunguna, a raka ki asibiti.

Tambaya: Ina duba nama a mahauta. Ana kirana ina tsakiyar aiki, in ɗauka da safar hannu. In na koma gida yarana su karɓe wayar su yi wasa. Akwai matsala? Daga wani ma'aikaci, Sakkwato.

Amsa: Akwai, malam. Ka wanke hannu, ka cire takalmin roba, ka sauya riga, amma wayar da ka taɓa da hannun da ya riƙe hanji da huhu ta biyo ka gida ba wanka, ta ƙare a bakin ɗan shekara 2. Ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi, irin waɗanda ke cikin kashin dabba, suna iya zama a jikinta. Ka bar ta a aljihun babbar rigarka a ofis har ka gama duba naman safe, mai nemanka ya sake kira ƙarfe 10. Kafin ka tafi gida ka cire mata riga, ka ɗan jiƙa auduga da sifirit mai kashi 70 cikin 100, ka goge gaba da baya da rigar kanta, ban da ramin caji, ka bari ta bushe sannan ka miƙa wa yaran.