Lissafin da ɗanki ya iya bai sani ba

Ƙanwata, ranar da muke zaune a tsakar gida a Gwammaja kina tsintar shinkafa, kin yi mini wata tambaya ban samu na amsa ba, don baƙi suka yi sallama aka shiga gaishe-gaishe. Cewa kika yi, "Wai Yaya, ku a can Ingila me kuke yi wa yaranku suke iya lissafi? Ko kalkuleta ce ke yi musu?" Yanzu da na dawo Manchesta gajiyar hanya ta sake ni, bari in warware miki zare da abawa.

Batun kalkuleta dai ki ajiye shi. Tun 2014 aka daina shiga da ita jarrabawar gama firamare a nan. Kuma ba duka yaranmu ne gwanaye ba, akwai masu kuka a kan aikin gida kamar naku.

A nan yaro yana shiga makaranta ne a watan Satumba idan ya cika shekara huɗu, ajin share fage. Da 'yata ta fari ta shiga, watanni suka yi ta wucewa ana ta juya ɗaya zuwa goma. Raina ya ɓaci. Ni da na baro Kano inda ɗan nazire ke cika littafi da ɗaya zuwa ɗari, me zan gani? Ranar ganawar iyaye da malamai na je da shirin faɗa. Malamar ba ta yi musu da ni ba. Wani ɗan faranti ta ɗauko mai gurbi goma, biyar sama biyar ƙasa, ta zuba maɓalli bakwai a ciki, ta tura gaban yarinyar. Ko yatsa ba ta ɗaga ba ta ce bakwai ne, saura uku ya cika. Malamar ta kwashe biyu ta rufe a hannu, ta ce nawa na ɓoye? Ta duba farantin ta ce biyu. Sai ta juyo gare ni ta ce abin da suke nema ke nan: yaro ya san bakwai biyar da biyu ce, huɗu da uku ce, goma ce ba uku. Sai hannu ya taɓa, sannan a zana a takarda, sannan a zo kan alƙaluma. Na tashi jikina a sanyaye.

Kada ki ɗauka duk Hausawan nan sun yarda da wannan tsari. Ranar Asabar idan muka kai yara Islamiyya, muna tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi, hirar ke nan. Iyaye maza musamman, cewa suke wasa kawai ake yi, ba bulala ba hadda. Bulala kam babu, tun 1986 majalisarsu ta haramta duka a makarantun gwamnati. Wasu kan sa a taho musu da littattafan lissafi daga gida, wasu su haɗa kuɗi su ɗauki ɗalibin jami'a ya riƙa yi wa yara lesin. Ni ma na taɓa yi.

Amma hadda tana nan daram. A aji biyu yaro zai haddace sau biyu, sau biyar da sau goma, a aji uku a ƙara masa sau uku, huɗu da takwas, kafin ya gama aji huɗu ana son ya riƙe har sha biyu sau sha biyu. Tun 2022 ma wajibi ne a gwada su a watan Yuni: tambaya 25 a kwamfuta, kowace daƙiƙa shida, kuma a hargitse suke zuwa. A nan mu muke da ɗan rinjaye, don yaron da ya saba da tilawa zaman hadda ba ya ba shi tsoro.

To ga inda nake son ki tsaya. Kin tuna daren da ɗanki ya rero mana sau uku tun daga sama har ƙasa, muka tafa masa? Da na tsinko masa uku sau bakwai ita kaɗai, sai ya kalli rufi ya koma ya faro daga uku sau ɗaya. Waƙa ya riƙe. Washegari kuma kika aike shi shago da naira ɗari biyar ya sayo kayan ɗari uku da hamsin, yana sa takalmi ya ce, "Mama, canjin ɗari da hamsin ne ko?" Wallahi sai da na ajiye kofin shayina. Da yamma na rubuta masa 500, na sa 350 a ƙasa, na ce ya ɗebe. Ya yi ta gogewa har takardar ta huje. Lissafi ɗaya ne, yaro ɗaya ne. Na hannunsa da na littafinsa ne ba wanda ya taɓa haɗa masa su.

Kuma na san inda ya maƙale, don ni ma a nan 'yata ta kama ni. Ina koya mata yadda aka koya mana, sifili ba zai ɗebe biyar ba, sai mu aro ɗaya a maƙwabci. Ta ce, "Mama, yaushe za mu mayar masa?" Na rasa ta cewa. A ajinsu ba a kiransa aro, musanya suke cewa: ka ba da ɗari guda a ba ka goma-goma guda goma. Wato canji! Abin da kowace mai tallan gyaɗa a bakin Kasuwar Rimi ke yi sau ɗari a wuni. Ki zauna da shi da ɗari-ɗari biyar, ki ce ya ba ki ɗari uku da hamsin. Da kansa zai ce sai an canjo ɗari ɗaya. Nan take ki nuna masa a takarda cewa biyar ɗin da ake sokewa a mayar huɗu, ɗarin da aka kai canji ce.

Mu nan wannan gatan ne ba mu da shi. Komai da kati ake saye, yaro sai ya yi wata bai ga kuɗi a hannun uwarsa ba. Tara sulalla muke yi a gwangwani, mu buɗe shagon ƙarya a falo da taliya da gwangwanin tumatir. Ku kuwa na gaske na ƙofar gida, ko da yake na ga taransfa ta fara cinye muku shi.

Sai harshe. Na lura kin hana shi ƙirga da Hausa, wai kada ya lalata Turancinsa. Mu da muke tsakiyar Turawa da Hausa muke ƙirga matattakalar bene da yaranmu, da gangan. Goma sha uku ta faɗi kanta, goma ce da uku a kai. Ta Turanci kuwa ukun ce ke fara fitowa a baki, ga shi sautinta ya yi kama da na talatin, shi ya sa ƙananan yara a nan kan rubuta 31 ko 30 a wurin 13. Gomominmu ne dai sai an haddace, ashirin, talatin, arba'in, tunda daga Larabci muka ɗauko su. Ki tuna Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta cewa sha takwas, sai ashirin ba biyu. Ɗebewa take yi a baki ba tare da alli ba.

Kayan aiki kuma gidanki cike yake. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne na shida-shida, ki bar shi ya gano talatin, sannan ki juya kiret ɗin ya ga shida sau biyar ma talatin ce. Carbi talatin da uku sau uku. Raka'o'in farilla daga Asuba zuwa Isha'i, ya tara ya kawo miki sha bakwai. Marafan lemo ya ɗaure su goma-goma a leda. Minti goma kafin Magariba ya isa, kada ya kai ga hawaye. Idan ya ba da amsa, daidai ko kuskure, ki ce, "Ya aka yi ka sani?" Malaman nan ba su da tambayar da ta fi wannan, kuma a amsarsa za ki ji inda kansa ya kulle. Don Allah ki daina cewa a gabansa ke ma ba ki iya lissafi ba a makaranta. Ke da kike riƙe adashin mata goma sha biyu a ka?

Akwai abin da har gobe bai kwanta mini ba a nan. Yabonsu ya yi yawa, kowane yaro "yana ƙoƙari", sai kin matsa kafin a gaya miki an bar naki a baya. Kuma a nan aji na 'yan shekara biyar zuwa bakwai doka ta taƙaita shi ga yara 30, malamar ɗanki kuwa na ga yawan da take fama da su, ba za ta iya bin kowa da faranti ba.

Game da malamin lesin da babansu ke maganar ɗauka, ki ce Yaya ta ce a dakata zuwa ƙarshen zangon nan tukuna. Idan an ɗauka kuma, ki leƙa ki ga ko ƙarin kwafe allo kawai yake ba shi. Ki gwada masa na ɗari biyar ɗin nan a makon nan, ki aiko mini da muryarsa a WhatsApp in ji me zai ce. Ki gaida mai gidan da su Hajiya.