Amsoshin Tambayoyinku: Rigimar Amurkawa Kan Mazan Jiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke Mabera, Sakkwato. Ɗalibaina suna tambayata abin da ya sa Amurkawa ke tumɓuke mutum-mutumin magabatansu, suna kuma zagin juna a kan haka. Shin gajiya suka yi da tarihinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba gajiya ba ce, gardama ce kan wanda ya cancanci a kira shi gwarzon kowa da kowa, kuma ya kamata ka rarrabe wa ɗalibanka mutanen da ake wannan gardama a kansu.

Janar Robert Lee ya jagoranci sojojin jihohin Kudu da suka ɓalle domin kare bautar da baƙar fata a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, kuma yawancin gumakan irinsa an kafa su ne shekaru da dama bayan yaƙin, a zamanin dokokin wariyar launin fata. Shirin cire gunkinsa a birnin Charlottesville ne ya jawo gangamin 2017 inda aka kashe wata mata da mota, sai a 2021 aka sauke shi, shekara guda bayan kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd. A ganina saukewar ta dace, domin babu adalci a ce jikokin bayi su riƙa wucewa kullum ta ƙarƙashin wanda ya yi yaƙi don kakanninsu su dawwama cikin ƙangi.

Batun George Washington da Thomas Jefferson ya fi wuyar sha'ani. Su ne suka aza harsashin ƙasar, amma dukansu sun mallaki bayi. Jefferson, wanda ya rubuta a 1776 cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Wanda ya ɓoye wannan ya yi wa tarihi ƙarya, wanda kuma ya ce babu abin tunawa da su sai wannan, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gushewar ladabi, inda mai saɓanin ra'ayi ya zama maƙiyi, har ta kai ga afka wa majalisar dokoki ranar 6 ga Janairu, 2021. Mu a nan Sakkwato muna da abin da za mu nuna. Shehu Al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar halascin yaƙin da masu jihadi suka kai wa ƙasarsa, Muhammadu Bello kuwa ya amsa masa da hujja, sa'annan ya adana muhawarar a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri maimakon ya binne ta. Ka karanta musu wannan musaya, Malam, ka raba ajin gida biyu su yi muhawara kan Jefferson, da sharaɗin kowa ya fara kawo hujjar abokin hamayyarsa kafin tasa.