Tambaya da Amsa: Mene ne Sirrin Lamba 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Unguwar Rogo, Jos. Malaminmu na kwamfuta ya rubuta 2,147,483,647 a allo, ya ce lamba ce ta musamman. Me ya bambanta ta da sauran lambobi?

Amsa: Malama, idan kika jera lamba 2 har sau 31, kika yi ta ninka su da juna, sannan kika cire ɗaya, wannan lambar za ki samu. Babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba, sai ɗaya da ita kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a shekarar 1772, da alƙalami da takarda, lokacin da babu kwamfuta, kuma a ganina wannan ya fi komai ban mamaki a labarinta. Ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi marasa rabuwa, waɗanda ake samu ta hanyar ninka 2 da kanta sau da yawa a cire ɗaya, da ake jingina wa Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa.

Dalilin da ya sa malaminku ya damu da ita kuwa shi ne, kwamfutar da ke ajiye lamba a gurabe 32, kowane gurbi na ɗaukar 0 ko 1 kawai, takan ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31, don haka a kan wannan lambar ƙirgarta ke tsayawa. Agogon wasu na'urori da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970 zai cika wannan adadi ranar 19 ga Janairun 2038, wato bayan kimanin shekara 68.