Tambaya da Amsa: 'Yan Matan da Ke Tsira Bayan Duniya Ta Watse

Tambaya: Malam, a shagon masu tura fim na unguwarmu aka sa mini wasu finafinan Amurka masu haɗa ban tsoro da ban dariya, inda bala'i ke shafe mutane a bar kaɗan. Na lura 'yan mata ne ke fid da kansu, har su ceci maza. Shin wannan sabon salo ne? Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, salon ya daɗe, kuma misalin da masu son irin waɗannan finafinai suka fi ambato shi ne Night of the Comet na 1984, wanda Thom Eberhardt ya ba da umarni. A cikinsa tauraro mai wutsiya ya ratsa kusa da duniya, mutanen Los Anjeles suka zama jar ƙura, wasu kuma suka rikiɗe dodanni masu cin mutane. Ya da ƙanwa, Regina da Samantha, sun tsira ne domin kowacce ta kwana a ɗaki mai bangon ƙarfe, babbar a ɗakin haska fim na silimar da take aiki, ƙaramar kuma a wata rumfa bayan ta yi faɗa da matar ubanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin ya ba da dalilin ƙwarewarsu. Mahaifinsu soja ne, ya koya musu harbi da kare kai tun suna ƙanana, shi ya sa ba su zauna jiran mai ceto ba. Sun bi muryar da suka ji a rediyo har tasha, suka tarar naɗaɗɗiya ce, daga baya kuma suka gane cewa masana kimiyyar da suka zo da sunan taimako jinin waɗanda suka tsira suke nema. Duk da haka an bar su da ƙuruciyarsu, har da shiga babban kanti suna gwada tufafi alhali gari ya zama kufai, kuma a nan dariyar take.

A Zombieland na 2009 ma ya da ƙanwa ne, Wichita da Little Rock, amma su da wayo suka raba maza biyu da motarsu da bindigoginsu. A ganina na 1984 ya fi zurfi, domin ya nuna 'yan matan suna kukan waɗanda suka rasa. Sai dai dukansu akwai zubar da jini da kalaman da ba su dace da yara ba, don haka kada ki kalle su tare da ƙannenki.