Rama ce, Yaya, ba wiwi ba

Yaya, saƙonka ya same ni bayan asuba, ina ɗakin ƙasa da butar ban ruwa a hannu. Ka ce an nuna maka hoton da auta ta ɗora a WhatsApp, ganye mai yatsu ƙarƙashin fitila shunayya, har zancen ya kai zauren Baffa wai mutanen Kanada sun koma noman wiwi a cikin ɗaka. Da farko dariya na yi. Da na sake karantawa sai na ji abin ya sosa min rai, domin ba ka tambaye ni mene ne wannan ba, cewa ka yi "yaushe ka fara".

Rama ce. Ita dai ramar da Inna take tsinko mana a bayan gida, ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ka je gona ka duba ta da idon basira: ganyen ƙasa faffaɗa ne, na sama kuwa ya rabu yatsu-yatsu, gefensa da zarto. Ba kai kaɗai ta ruɗa ba, su kansu masana tsirrai Hibiscus cannabinus suka raɗa mata, wato mai kama da wiwi, saboda wannan kamannin. Amma kai da ka yi noma a Giwa bai kamata ta yi maka ɓad-da-kama ba. Jikinta da ƴan ƙayoyi, furenta irin na kuɓewa ne, a baki kuma tsami.

Gaskiya ne an halatta wiwi a nan. Tun 17 ga Oktoban 2018 doka ta yarda baligi ya saya a shago, kuma a lardinmu na Alberta gida ɗaya na iya shuka gindi 4. Na san yadda wannan yake faɗawa a kunnen wanda ya saba jin NDLEA ta ƙona gona. To amma ai giya ma halal ce a dokarsu tun kafin mu zo, naman alade yana nan a kowace kasuwa, ba wanda ya taɓa aiko min da saƙo yana tambaya ko na fara. Dokar gwamnati daban, abin da mutum zai amsa a kabari daban. A garin nan na Edmonton aka gina masallacin farko a Kanada, Al-Rashid, tun 1938, kuma huɗuba kan kayan maye ba ta fi ta Zariya sassauci ba.

Abin da ya kai ni ga fitila, sanyi ne da duhu. A watan Disamba rana ba ta cika awa 8 a sama, ita ma a kaikaice, kamar mai jin kunya. Sanyi yakan kai 30 ƙasa da sifili. Ƙasa ta daskare tun Nuwamba, ba za ka sake ganin ta ba sai wajen Afrilu. Busasshiyar kuka da kuɓewa muna samu a shagunan ƴan Afirka, amma ɗanyen ganyen rama ko lalo, sai dai a mafarki.

Fitilar da hannuna na haɗa ta. Ana sayar da ƙananan ƙwayayen fitila da ake kira LED a jere kan wani siririn tef, a naɗe kamar kaset, mita 5 a naɗi ɗaya, mai bolt 24. Akwai alamar inda ake yankawa. Na yanka tsawon kanta, na haɗa wayoyin da dalma, na jona da tiransifoma wadda ƙarfinta ya ɗara abin da fitilun ke ja, don kada ta yi ta zafi. Karon farko a jikin katako na manna su. Kwana kaɗan zafi ya saki gam ɗin, na sauko da safe na tarar tef ɗin kwance a kan attarugu, ya ƙone masa kai. Daga nan na koma sandunan alminiyom, su suke shanye zafin. Na rataye su da sarƙa, kimanin taƙi ɗaya sama da ganye, shukar na tashi ina ɗagawa. Agogon lantarki ke kunnawa da kashewa, awa 14 kullum. Wannan adadin da dalili: rama tana fara fure ne idan yini ya gajarta, shi ya sa a gida take fure da kaka. Ni ganye nake so, sai na bar ta tana zaton har yanzu damina ce.

Shunayyar da ka gani, jan haske ne da shuɗi a haɗe, su ganye ya fi sha. Ba zan ɓoye maka ba, masu noman wiwi ne suka yayata wannan sana'ar, kuma shagonmu ɗaya da su. Yaron da ya sayar min da kayan har ya kanne ido yana tambaya wane iri nake shukawa. Na ce masa miya. Bayan an ɗauki wancan hoton na sauya zuwa farar fitila, ganyen bai nuna bambanci ba, taga kuma ta daina jawo min kallon maƙwabta.

Sai ɗaya maganar da ka liƙa a ƙarshe, wai abin da ake gudu ke nan idan yara suka fara auren Turawa. Yaya, wannan ta fi ta wiwin ciwo. Matar babban ɗana jikar manoma ce ƴan asalin Yukren, irin waɗanda suka cika lardin nan fiye da shekara 100. Ita ta nuna min yadda kakarta ke tayar da irin tumatir a taga tun ƙanƙara ba ta narke ba. Ba ta shiga ɗakina da takalmi, Baba take ce min, kuma ranar suna ita ta kwana tana tuƙa tuwo da Hajiya har hannunta ya yi kanta. Ban ce komai daidai yake ba. Jikokina suna jin Hausa, amsawa ce sai da Turanci, kuma wannan yana hana ni barci wani lokaci. Amma da na zo gida bara, ƴaƴan ƙanwarmu a Abuja ma "good morning" suka yi min, ba wanda ya ce sun bar Hausa.

Mu nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Idan rama ta yi, Hajiya takan ƙulla ta a leda ta rarraba gida-gida. Akwai wata baiwar Allah ƴar Maraɗi da ta buɗe ledar a bakin ƙofa, ta shinshina, ta kasa magana.

Ka nuna wa Baffa hoton furen da zan turo maka in ya buɗe. Kuma idan ɗan wajen Goggo zai taho karatu a watan Satumba, a ba shi ƙuli-ƙuli da daddawa, na nan ba su da ƙamshi. Kada a sa kilishi a jakar, a filin jirgi za su ƙwace.